Yadda Ake Tunkarar Ayyukan Darasin Tsofaffin Littattafan Hannu a Jami'a

Yawancin ɗalibai kan shiga darasin littattafan hannu na tsakiyar zamani da zaton za su sha kallon shafuka masu ruwan zinari, malami ya ba da tarihi, a ƙarshe a yi jarrabawa. Mako na biyu ne yake raba su da wannan zato. Sai a miƙa wa mutum hoton shafi guda, a ce ya kwafe layi goma sha biyar kafin zama na gaba, ya wuni a kai bai wuce layi huɗu ba. Daga nan wasu kan fara tunanin ajiye darasin, alhali ba ƙarancin basira ne ya same su ba. Ba a dai faɗa musu irin aikin da ake nema ba.

Littattafan da ake magana a kansu su ne waɗanda aka rubuta da hannu tun daga wajen shekara ta 500 zuwa ta 1500, kafin injin ɗab'in da Gutenberg ya fito da shi a wajajen 1455 ya mamaye sana'ar. A sauran darussa, abin da littafi ya ƙunsa ake tambayarka. A nan kuwa littafin kansa ne abin tambaya: fatar da aka yi rubutun a kai, tawadarsa, ɗinkinsa, hannun da ya rubuta shi, da hannayen da ya ratsa kafin ya iso gabanka. Makin da za ka samu yana rataye ne a kan abu ɗaya, wato ka iya faɗin abin da idonka ya gani, ka kuma raba shi da abin da kake zato. Gani ya kori ji, kuma duk jingar da za a ba ka gwajin wannan ganin ne.

Mataki na farko: zauna da manhajar darasin

Ranar da aka raba manhaja, kada ka yi mata shan ruwan tsuntsaye. Ɗauki fensir ka nemo abu uku. Na farko, harshe. Wasu azuzuwan suna ɗauka ka san Latin, wasu Larabci ko Girkanci, wasu kuma tsohon Ingilishi ko tsohon Faransanci. Idan an rubuta cewa ba dole ba ne ka san harshen, to ka yarda, amma ka sani wanda ya san nahawu ko da kaɗan ne zai riga ka gane kalmar da aka gutsure. Na biyu, ire-iren ayyukan. Kusan kullum ba sa wuce biyar: kwafe shafi duk mako, rubuta cikakken bayanin littafi guda, gabatarwa a gaban aji, gwajin gane hannu da ƙiyasta shekaru, sai maƙalar ƙarshen zango. Na uku, ranakun da aji zai je ɗakin ajiyar littattafai. Waɗannan ranaku ba a rama su. Littafin da aka fito da shi yau domin ajinku, da wuya a sake fito da shi domin kai kaɗai.

Ka kuma tambayi malami tun yanzu wace ƙa'idar kwafe yake so a bi, da kuma ko ya yarda a yi amfani da manhajojin kwamfuta masu karanta rubutun hannu, irin su Transkribus. Ra'ayina a nan shi ne, ko an yarda, ka bar su sai idonka ya buɗe. Wanda bai iya karatun da kansa ba, ba zai gane inda na'ura ta yi kuskure ba, kuma ranar gwaji ba za ta shiga aji tare da kai ba.

Mataki na biyu: koyi kiran abubuwa da sunansu

Ba a cika ƙirga waɗannan littattafai da shafi ba, da warƙa ake ƙirgawa. Kowace warƙa tana da fuska da baya. Fuskar ana yi mata alamar r, bayan kuma v, saboda haka 12r na nufin fuskar warƙa ta 12, 12v kuma bayanta. A littafin Latin fuskar tana hannun dama idan ka buɗe, a na Larabci kuwa tana hagu, kuma masana littattafan Larabci da yawa sun fi amfani da a da b. Ka riƙe wannan tun makon farko, domin malami da ya ga ka rubuta "shafi na 24" a inda ya kamata ka ce 12v, ya san ba ka shiga gari ba tukuna.

Kowane littafi kuma yana da lambar ajiya, ita ce sunansa na gaskiya. Ana jero ta haka: gari, laburare, tarin da yake ciki, sannan lamba. Littafin Linjila na Lindisfarne, alal misali, yana Landan a Laburaren Birtaniya, lambarsa Cotton MS Nero D IV. Wannan suna yana da labari. Robert Cotton, wanda ya tara littattafan, ya ɗora gunkin kan wani sarkin Rum a bisa kowane kabad, don haka lambar tana cewa ne: kabad ɗin Nero, kanta ta D, littafi na huɗu. Harafi ɗaya ka kuskure, ka tura mai karatu ga wani littafin dabam.

Mataki na uku: jingar kwafe

A nan ne mafi yawan lokacinka zai tafi, kuma a nan ne ake zama ɗan hannu ko a kasa. Ilimin karanta tsofaffin hannaye ba sabo ba ne. Jean Mabillon ya aza harsashinsa a 1681, Bernard de Montfaucon ya raɗa masa sunan da Turawa ke kiransa da shi, wato palaeography, a 1708. Amma hanyar koyonsa ba ta sauya ba: zama da shafi, harafi bayan harafi.

Kada ka fara da kalmar farko. Ka fara da kallon shafin gaba ɗaya na ɗan lokaci: ginshiƙi nawa ne, layi nawa, ina ja ya shigo, akwai rubutu a gefe ko babu. Sannan ka nemi kalmomin da ka gane ba wuya, ko da biyar ne. Daga cikinsu za ka tsamo haruffa ka zana wa kanka abacadar wannan mai kwafa a wata takarda: ga yadda yake yin a, ga g ɗinsa, ga r ɗinsa iri biyu. Ka zana su da hannunka, kana lura da inda alƙalami ya fara da inda ya ɗaga. Wanda ya san yadda aka ja harafi zai gane shi ko da rabinsa ya goge. Wannan takarda ita ce makullinka, kuma kowane sabon hannu yana buƙatar tasa.

Akwai tarkuna da kusan kowa ke faɗawa. Doguwar s tana kama da f, bambancinsu ɗan gicciyen da ya ratsa f ne. Haruffan c da t kan rikiɗe su zama kamar tagwaye a hannayen ƙarni na 13 zuwa sama. Mafi wahala su ne gajerun sanduna da ake gina i da n da u da m da su. Kalmar Latin minimum tana da irin waɗannan sanduna 15 a jere, kuma a salon rubutun da ake kira Gotik za ka gan su tsaye kamar shinge, babu ɗigo a kan i. Babu dabara face ka ƙirga sandunan, ka rubuta adadinsu, sannan ka tambayi kanka wace kalma ce nahawu zai karɓa a wurin. A littattafan Larabci na farko kuwa, matsalar ɗigo ce: ba'un da ta'un da nun da ya'un kan zo da siffa guda, sai ma'ana ta raba gardama.

Sai gajarce kalmomi. Fata tana da tsada, hannu yana gajiya, don haka masu kwafa sun gutsure duk abin da za su iya. Ɗan layi a kan harafi yakan nuna an bar m ko n. Alama mai kama da 7 tana nufin et, wato "da". Mai kama da 9 a farkon kalma con ce, idan kuma ta hau sama a ƙarshen kalma to us ce. Harafin p kaɗai yana da fuska uku: da layi a ƙafarsa per, da lanƙwasa ta hagu pro, da layi a kansa prae. Sunaye masu alfarma ana taƙaita su tun dauri, dns da layi a sama dominus ke nan. Ƙamus ɗin gajarce-gajarce da Adriano Cappelli ya fitar a 1899 har yau shi ne abokin kowane ɗalibi, kuma ana samunsa a intanet. Sai dai ka buɗe wa kanka littafin tara alamomi, domin abin da ka rubuta da hannunka ya fi zama a ka.

Idan ka zo rubuta kwafinka, layi ɗaya na littafi ya zama layi ɗaya a takardarka, da lamba a gefe. Haruffan da kai ka cika a kalmar da aka gajarce, ka nuna su a fili, yawanci cikin baka: d(omi)n(u)s. Abin da ya goge ko tsutsa ta ci, ka sa shi cikin baka mai kusurwa. Abin da ka kasa karantawa, ka bar gurbinsa da ɗige-ɗige gwargwadon yawan haruffan da kake gani. Malami ya fi girmama gurbin da aka bari da gaskiya a kan kalmar da aka ƙaga don cike wuri.

Ga dokar da na fi so ka riƙe: kada ka gyara wa mai kwafa rubutunsa. Idan ya yi kuskure, ka kwafe kuskuren yadda yake, ka yi bayani a ƙasa. Wannan kuskuren shaida ne. Sau da yawa idon mai kwafa yakan tsallake daga wata kalma zuwa irinta a layi na gaba, ya bar abin da ke tsakani. Duk wanda ya kwafa daga gare shi zai gaji wannan giɓi, kuma da irin waɗannan giɓɓa ne masana ke gano wane kwafi ya fito daga wane. Ɗalibin da ya nemo bugaggen littafi ya kwafe daga ciki ya shafe wannan shaida, kuma ana gane shi nan take, domin kwafinsa ya fi na asali tsabta.

Kada kuma ka raina aikin. Waƙar Beowulf ta tsohon Ingilishi a littafi ɗaya tak ta tsira, wata gobara da aka yi a 1731 ta babbake gefunansa, haruffan bakin warƙoƙi suka riƙa zubewa. Kwafin da aka yi a ƙarshen ƙarni na 18 shi ne ya adana haruffa da dama da yanzu babu su a jikin littafin.

Rabin awa kullum ya fi awa biyar a daren da wa'adi zai cika. Ido yana gajiya, kuma kalmar da ta gagare ka da dare sau da yawa za ka gan ta a sarari da safe.

Mataki na huɗu: ranar taɓa littafi

Wanke hannu, ka busar da shi sarai. Manyan laburarori da yawa ba sa son safar hannu wajen juya fata ko takarda, saboda tana rage jin yatsa har a yaga warƙa. Biro da tawada ba sa shiga ɗakin, fensir kawai. Ana ɗora littafi a kan matasai na soso, ba a tilasta masa ya buɗe fiye da inda ɗinkinsa ya yarda, ana danne shafi da igiya mai nauyi da za a ba ka. Kada yatsanka ya sauka a kan rubutu ko zane. Tambayi ma'aikaci kafin ka ɗauki hoto.

Ka je da jerin tambayoyin da hoto ba zai amsa ba, domin lokacin kaɗan ne. Abin da za ka iya karantawa a allon kwamfuta, bar shi sai ka koma. Shafuka irin su e-codices na Suwizalan, Gallica na Faransa da DigiVatLib na Batikan sun buɗe dubban littattafai kyauta, amma allo yana daidaita girman komai. Littafin da ke shiga aljihu da wanda sai mutum biyu sun ɗauka duk ɗaya suke a wurinsa. Codex Amiatinus, wanda aka rubuta a arewacin Ingila kafin 716, yana da warƙa sama da 1,000 kuma nauyinsa ya haura kilo 30. Wannan ba ya fitowa a hoto.

Mataki na biyar: rubuta bayanin littafi

Wannan ita ce jingar da ta fi nuna ko ka koyi kallo. Tsarinta sananne ne, ka bi shi a jere.

Fara da abin da aka yi rubutu a kai. Idan fata ce, ta maraƙi ce ko tunkiya ko akuya, kuma kowace warƙa tana da gefen gashi da gefen nama. Gefen gashi ya fi duhu, wani lokaci za ka ga ƙananan ramukan gashin. Caspar René Gregory ya lura a 1885 cewa masu haɗa littafi sukan sa gashi ya fuskanci gashi, nama ya fuskanci nama. Saboda haka idan ka buɗe ka ga shafi ɗaya fari, na kusa da shi rawaya-rawaya, to ka tsaya: mai yiwuwa an cire warƙa ko an cusa wata. Ka lura da huda da ɗinki a jikin fatar, ka ga ko mai kwafa ya kewaye hudar da rubutunsa, wanda ke nuna tana nan tun kafin ya fara.

Idan takarda ce, ka nemi a haska maka ta baya. Takarda ta shiga ƙasashen Musulmi a ƙarni na 8, ta isa Andalus, sannan Italiya, inda masu yin ta a Fabriano suka fara sa tambari a cikinta a ƙarshen ƙarni na 13. Takardar ƙasashen Larabawa ta farko ba ta da irin wannan tambari. Charles-Moïse Briquet ya tara zanen tambura kusan 16,000 ya buga a 1907, kuma da shi da tarin da suka biyo baya ake kwatantawa. Hattara dai: tambari mai kama ba shi ne tambari iri ɗaya ba, siffar kan bijimi ko ƙaho ko hannu masana'antu da yawa sun yi amfani da su.

Sai awo, da milimita, tsawo kafin faɗi: na warƙa, sannan na filin da rubutu ya ci. Na biyun ya fi aminci, saboda masu sake ɗaure littafi sukan datse gefuna.

Daga nan sai ƙirga ƙunshi, wanda shi ne ya fi ba ɗalibai tsoro. Ana ninke kowace fata ko takarda gida biyu, a cusa wasu cikin wasu, a ɗinke ta tsakiya. Ninki huɗu suna ba da warƙa takwas, wannan ne ya fi yawa a Turai, yayin da littattafan Larabci suka fi son ninki biyar, warƙa goma. Hanyar ganowa ita ce ka nemi zaren ɗinki a tsakiyar kowane ƙunshi, ka ƙirga warƙoƙin da ke gabansa da na bayansa. Ka duba ƙasan shafin ƙarshe na kowane ƙunshi, inda mai kwafa kan rubuta kalmar farko ta abin da ke biye don kada a rikita jeri. Idan kalmar ba ta dace da shafi na gaba ba, wani abu ya ɓace ko an juya tsari. Ka zana kowane ƙunshi a takarda, sannan ka yi lissafi: ƙunshi shida masu takwas-takwas da ɗaya mai shida, warƙa 54 ke nan. Idan littafin 53 yake da su, sai ka nemo guntun da ya rage a gindin ɗinki, ka faɗi ko rubutu ya yanke a wurin. In bai yanke ba, to tun farko aka cire ta.

Bayan haka, layukan da aka ja don shiryar da hannu. Ka duba ƙananan hudoji a gefe, ka ga ko da busasshen tsinke aka ja layin, ko da darma, ko da tawada. Sai tawadar kanta. Wadda ta fi yawa a Turai ana haɗa ta ne da ƙullutun itacen ok, gishirin ƙarfe da ƙaro, shi ya sa take komawa ruwan ƙasa, wani lokaci ma ta cinye warƙa. Game da launuka, ka faɗi abin da ka gani kawai. Shuɗi mafi tsada daga dutsen lazurdi na Badakshan a Afganistan yake zuwa, amma ido kaɗai ba ya tabbatar da shi, don haka rubuta "shuɗi" ka tsaya nan.

Ƙarshe, abin da littafin ya ƙunsa, da kalmomin farko da na ƙarshe na kowane matani, sannan tarihin mallaka: sunaye, hatimai, rubutun gefe, alamar waƙafi, shaidar karatu a gaban malami da ake samu a littattafan Larabci. Kada ka tsallake wurin da aka kankare. A shafin sadaukarwa na Amiatinus an goge sunan Ceolfrith, shugaban gidan ibadar da aka yi shi, aka sa na wani mutumin Italiya. Ƙarnoni aka yi ana ɗauka littafin na Italiya ne, sai a shekarun 1880 aka gano gaskiya daga wannan kankarar.

Katalog na laburare abin taimako ne, amma ka buɗe shi bayan ka gama naka kallon. Inda kuka saɓa, ka koma ga littafin, ka rubuta saɓanin cikin ladabi. Malamai suna son ganin wannan fiye da yadda ɗalibai ke tsammani.

Mataki na shida: ƙiyasta zamani da wuri

A gwaji za a ba ka shafin da ba ka taɓa gani ba, a ce yaushe, a ina. Ba a nema ka faɗi shekara. Ana so ka ce "rabin farko na ƙarni na 12" ka kawo dalilai uku ko huɗu. Ka riƙe babban jeri a ka: manyan haruffa masu zagaye na ƙarnonin farko, hannun tsibiran Birtaniya da Ailan, hannun Karolin da ya bazu a zamanin sarki Sharlaman wajen shekara ta 800, Gotik mai matsattsun kusurwoyi daga ƙarni na 12, sai hannun da malaman Filorens suka farfaɗo da shi wajen 1400. Wannan na ƙarshe tarko ne, domin kwaikwayon Karolin suka yi da gangan, kuma mai gaggawa zai iya kuskure da ƙarni uku ko huɗu. A ɓangaren Larabci akwai Hijazi, Kufi, Naskhi da Magribi.

Ƙananan alamu su ne dalilanka. A cikin ƙarni na 12 alamar & ta riƙa ja baya, mai kama da 7 tana maye gurbinta. Haruffa masu ciki irin d da e sun fara manne wa juna a ƙarshen ƙarnin. Neil Ker ya nuna cewa a Ingila, wajen 1230, masu kwafa sun koma fara rubutu a ƙarƙashin layin farko maimakon a kansa. Alama ɗaya ba ta isa ba, saboda mai kwafa da ya koyi hannu yana saurayi zai iya riƙe shi har tsufa.

Idan ka yi sa'a, mai kwafa ya rubuta sunansa da ranar da ya gama a ƙarshen littafi, kamar yadda al-Wasiti ya yi a kwafin Maƙamat na Hariri da ya zana a 634 bayan Hijira, wato 1237, wanda yanzu yake Paris. Amma ko wannan ka bincika. Wani mai kwafa yakan kwafe har da bayanin rufewar wanda ya gabace shi. Bayanin da ya ambaci Eadfrith a matsayin wanda ya kwafi Linjilar Lindisfarne ma wani mai suna Aldred ne ya ƙara shi a ƙarni na 10, sama da shekara 200 bayan rubuta littafin. Haka gwajin kimiyya na kabon, wanda ke ƙiyasta shekarun fata: warƙoƙin Alƙur'ani na Jami'ar Birmingham da aka sanar da sakamakonsu a 2015 sun ba da tsakanin 568 da 645, amma wannan lokacin mutuwar dabbar ne, ba ranar da alƙalami ya hau fatar ba.

Mataki na bakwai: gabatarwa da maƙala

Gabatarwa gajeriya ce, minti goma ko sha biyar a yawancin azuzuwa. Hoto biyar da ka yi bayaninsu sosai sun fi talatin da ka wuce da gudu. Sa lambar ajiya da lambar warƙa a ƙarƙashin kowanne, faɗi girman littafin da baki, ka zo da tambaya ɗaya da ba ka warware ba. Aji yakan taimaka da ita.

Maƙala kuwa, zaɓen batu shi ne rabin aikin. Shawarata, ka guji shahararrun littattafai irin Littafin Kells da ke Dublin. An yi rubutu a kansu har ya yi yawa, kuma zangonka zai ƙare kana taƙaita maganar wasu. Ka nemi littafi talaka da ba a kula da shi ba, ko guntun warƙa da aka ciro daga bangon wani littafi. Shafin Fragmentarium cike yake da irinsu. Tambayarka ta fito daga abin da ka lura da shi da kanka: me ya sa hannu ya sauya a tsakiyar ƙunshi na huɗu, wa ya yi rubutun gefe kuma waɗanne babi ne suka dame shi, me ya sa shafuka uku suka yi dauɗa sauran suna fes. Tambaya ƙarama mai amsa ta fi babba mai yawo.

Kai wa malami batun da wuri, tun kafin tsakiyar zango, domin neman izinin ganin littafi ko odar hotuna kan ɗauki makonni. A cikin rubutun, kowace magana a kan littafin ta zo da lambar warƙa, kuma kalmominka su nuna matsayin abin da kake faɗa. "A 43v an kankare layi biyu" abu ne da kowa zai iya dubawa. "Mai yiwuwa wanda ya mallake shi daga baya ne ya kankare" zato ne, sai ka kawo dalili. Idan hoto kawai ka gani ba littafin ba, ka faɗa a sakin layi na farko, ka kuma bar maganar kaurin fata da ɗinki ga wanda ya taɓa.

Kwana biyu kafin wa'adi, ka daina ƙara sabon abu. Buɗe hotunan a gefe ɗaya, maƙalar a ɗaya gefen, ka bi kowace lambar warƙa da kowace kalma da ka kwafo, ɗaya bayan ɗaya. Za ka tarar da r da ta zama v, da layin da idonka ya tsallake daga kalma zuwa irinta. Gyara su, sake duba lambar ajiya harafi-harafi, sannan ka miƙa.